Ina “Wai” Ta Shiga? Nazarin Saƙon Murya a Kunnen Matasan Gidan Sori

Gabatarwa

A garuruwan ƙaramar hukumar Gidan Sori, cikin gundumar Gidan Rumji ta jahar Maradi, hirar dare ta samari tana nan inda aka san ta: tabarma a gindin katanga ko a bakin shago, da butar shayi bisa garwashi. Abin da ya sauya shi ne mai riƙe da zancen. A da rediyo ake girkawa a tsakiya. Yau salula ce guda ɗaya, ta wanda ya sami kuɗin caji da na intanet, sauran kuma su miƙa kunne. Mafi yawan abin da ke fitowa daga cikinta murya ce, ta wani mutum da ba a ganin fuskarsa, yana ba da labarin hari, ko tashin farashin gero, ko wata doka da aka ce an sa wa hannu a Yamai. Kafin a sauke shayi na biyu saƙon ya faɗa zauruka uku ko huɗu na WhatsApp, da safe kuma ƴan makarantar da suka saurare shi za su shiga aji da shi a ka.

Masu nazarin adabin baka sun daɗe suna auna tatsuniya da kirari da waƙa, suna duba yadda aka gina su da abin da suke yi wa mai sauraro. Saƙon murya ma ya isa a ɗora shi bisa wannan ma'auni, domin yana da siga da salo nasa na kansa, kuma babu wani littafi da ya kai shi yawan jama'a a wannan yanki. Dalilin gaggawar kuwa a fili yake. Tun daga shekarar 2019 dubban ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako zuwa ƙananan hukumomin Gidan Rumji da Gidan Sori da Tsibiri, suna gudun ƴan bindigar daji. A wuri irin wannan, labarin hari yana iya hana manomi zuwa gona, ya watsa kasuwa, ko ya sa a dubi maƙwabci da idon zargi. Masu ɗaukar labarin daga salula zuwa cikin gida kuwa galibi yara ne matasa, a ƙasar da kusan rabin mutanenta ba su kai shekara 15 ba.

Kunne kafin zuwan salula

Ƙasar Gobir da ta Katsinar Maradi ba baƙin labarin baka ba ne. Idan sarki ko mai gari yana da umarni, mai shela ne ke zagaya gari da shi, kuma shelarsa tana da sharuɗɗa: an san muryarsa, an san gidansu, yana fara wa da sunan wanda ya aiko shi, sa'an nan idan ya ƙara gishiri akwai fadar da za a kai ƙararsa gobe. Nauyin maganar yana rataye ne a wuyan mutum sananne.

Da rediyo ta zo, hukumomin Nijar sun fahimci cewa saurare ma abin koyo ne. A shekarar 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraren rediyo ta ƙasa. Tsarinta mai sauƙi ne: jagoran kulob, wanda sau da yawa malamin makaranta ne, yana tara mutanen gari su saurari shiri tare, su yi muhawara a kansa, shi kuma ya naɗi ra'ayoyinsu a faifai ya aika Yamai, inda za a tace a saka cikin shiri na gaba. Wato manomi yana jin labari, yana tauna shi a gaban jama'a, kuma yana mayar da amsa. A gefe guda sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare, BBC tun daga 1957, Muryar Jamus daga 1963, Muryar Amurka daga 1979, RFI daga 2007, sun saba wa kunnen Bahaushe da wata al'ada: a faɗi sunan wakili, da garin da yake, da wanda ya shaida masa.

Ita kanta fadar samari da rediyo ta tashi. Masu bincike, ciki har da Adeline Masquelier a littafinta na 2019 a kan fada, sun danganta yaɗuwarta da shekarun 1990, bayan Taron Ƙasa na 1991 da buɗe gidajen rediyo masu zaman kansu, lokacin da samari a Damagaram da sauran birane suka riƙa haɗuwa don saurare da aika gaisuwa. Ke nan salula ta tarar da majalisa a shimfiɗe. Abin da ba ta tarar ba shi ne malamin nan mai cewa a dakata a tattauna.

Yadda aka gina saƙon murya

Duk wanda ya saurari saƙonnin faɗakarwa da yawa zai lura cewa kusan ƙira ɗaya gare su. Mai magana yana buɗewa da sallama cikakkiya da kiran “ƴan'uwa”, abin da ke sanya mai sauraro cikin zumunci tun kafin ya ji komai. Daga nan sai madogara, wadda kullum kusa take amma ba ta kamuwa: wani ɗan'uwa da ke aikin soja, wata ƴar'uwa da ke gidan likita, wani direba da ya fito daga can yanzu. Sai rantsuwa, wadda ke zama a gurbin hujja. Sai lokaci, wanda ba ya wuce “yanzu-yanzu” ko “daren jiya”, ba ranar mako, ba kwanan wata; shi ya sa saƙon da aka naɗa bara a wani ƙauyen Zamfara zai iya tayar da hankalin mutanen Gazawa bana, domin “jiya” ba ta tsufa a cikin salula. A ƙarshe sai roƙo: don girman Allah duk wanda ya ji ya tura wa na gaba. Da wannan jimla an mayar da turawa aikin lada, an mayar da tambaya rashin tausayi.

Ta fuskar fasaha, dole a yarda cewa ginin yana aiki. Murya tana ɗauke da haki da rawar baki da kukan yara a bayan fage, abubuwan da takarda ba ta iya ɗauka, kuma ba ta neman mai sauraro ya iya karatu. Amma idan aka jera shi da tatsuniya sai aibinsa ya bayyana. Tatsuniya tana sanar da kanta tun daga “ga ta nan, ga ta nanku”, kuma a rufewarta mai bayarwa yana jingina ƙaryar ga Gizo, kowa ya tashi ya san an yi wasa ne da hankali. Yaro ɗan shekara bakwai ya san bambancin tatsuniya da labari domin kowanne yana da ƙofar shigarsa. Saƙon murya ya ari kayan tatsuniya, wato tsoro da mamaki da mugu da mai ceto, ya shigo da su ta ƙofar labari.

Babbar asarar kuwa ta faru ne a nahawu. Hausa tana da ƙananan kalmomi da aikinsu shi ne nuna nisan mai magana da abin da yake faɗa: “wai”, “an ce”, “in ji wane”, “na ji ƙishin-ƙishin”. Wanda ya ce wai an rufe iyaka ya sanar da cewa bai gani ba, ya kuma bar wa mai sauraro damar shakka. A zancen baki da baki, kowane mai ɗauka yana ƙara tasa “wai”, har labari ya iso da alamun doguwar tafiya a jikinsa. Turawa ta salula ta kashe wannan. Muryar mutum na farko ce ke isowa kunnen mutum na dubu, da zafinta da rantsuwarta, kamar yanzu ya fito daga wurin. Idan kuma yaro ya juya ya ba mahaifiyarsa labarin, ba zai ce “wai” ba, zai ce ya ji da kunnensa, kuma a ganinsa gaskiya ya faɗa.

Kamfanin WhatsApp ya yi ƙoƙarin ƙirƙiro tasa “wai”. Ya sa ƴar kibiya a kan saƙon da aka turo, da kibiya biyu a kan wanda ya bi hannaye da yawa. A 2019 ya taƙaita turawa zuwa wurare biyar a lokaci guda, a 2020 kuma zuwa wuri ɗaya ga saƙon da ya riga ya yi yawo sosai. Sai dai alamar ƙarama ce, bayaninta a rubuce yake cikin harshen da aka saita salular, kuma ba ta bin saƙon da aka sauke aka sake aikawa, balle wanda mutum biyar suka saurara daga salula ɗaya.

Darasin Maradi na watan Yuni 2019

Akwai abin da ya faru a birnin Maradi wanda ya kamata kowane malami ya riƙe. A watan Yuni na 2019, lokacin da gwamnati ta gabatar da ƙudurin doka a kan tsara harkokin ibada, wani fitaccen limami a unguwar Zariya ya soki ƙudurin a matsayin abin da ya saɓa wa Musulunci. Aka kama shi. A daren 15 ga wata masu zanga-zanga suka fito, aka ƙona wata majami'a. Da aka sake shi washegari, limamin ya nemi gafara, ya kuma bayyana cewa waɗanda suka fassara masa wata takarda da aka ce ita ce ta hukuma, su suka ɓatar da shi.

Abin lura a nan shi ne inda igiyar ta tsinke. Doka a Nijar da Faransanci ake rubuta ta, jama'ar Maradi kuwa da Hausa suke ji. Tsakanin takarda da kunne akwai mai fassara, kuma ba a tambayi ko takardar da ke hannunsa ita ce ta gaskiya ba, ba a kuma sami wani na biyu ya duba fassararsa ba. Idan haka ta sami malami mai ilimi da almajirai, ina ga yaro ɗan aji uku na kwaleji a Gidan Sori? Kuma shi wannan yaron, da ɗan Faransancin da ya tsinta a lakwal, shi ne ake miƙa wa salula a gida a ce ya karanta ya faɗi abin da aka rubuta. Ya zama tafinta ba tare da kowa ya koya masa amanar tafinta ba. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Darajar wannan mataki ga mutumin ƙauye za ta bayyana ne ranar da zai iya samun nassin doka da Hausa daga tushe, ya gwada shi da abin da murya ta gaya masa.

Adalci ga matasa

Kuskure ne a ɗauka cewa matasa sun rungumi saƙon murya don wauta. A ƙauyen kan iyaka, saƙon da ya ce an ga babura sun nufo gari yana iya zama shi ne ya ceci rayuka da dabbobi, kuma yana isowa tun kafin kowane gidan rediyo ya ji. Da shi ɗan ci-rani a Kano ko Agadas ko Libiya yake sanin halin gida, da shi ake cigiyar ɓataccen yaro da saniyar da aka sace. Wanda saƙo ya taɓa yi wa rana ba zai yar da shi don an ce masa wasu na ƙarya ne ba. Matsalar rarrabewa ma ba ta Nijar kaɗai ba ce: wani bincike da jami'ar Stanford ta Amurka ta fitar a 2016 ya gano cewa fiye da kashi 80 cikin ɗari na ɗaliban ƙananan azuzuwan sakandare da aka gwada sun kasa bambanta talla da labari a shafin intanet.

Har ila yau, wuraren da ake zuwa a gwada labari sun ragu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 an dakatar da RFI da France 24 a farkon watan Agusta. A watan Disamba na 2024 an dakatar da BBC na wata uku. A watan Maris na 2025 kuma Muryar Amurka ta yi shiru sakamakon matakin gwamnatin ƙasarta. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan waɗannan gidaje, kowace murya da ta ɗauke tana barin fili ne ga muryar da ba ta da suna.

Magungunan da hukuma ta gwada su ma ba su taɓa tushen ciwon ba. Bayan zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a watan Fabrairu na 2021, an katse intanet ta salula har kimanin kwana goma. Ji-ta-ji-ta ta koma baki da baki, mai son tantancewa kuma ya rasa hanya. Dokar laifuffukan intanet ta 2019 ta tanadi ɗauri. A 2022 an cire shi a kan zagi da ɓata suna, a watan Yuni na 2024 aka maido shi. Doka tana iya tsorata mai turawa, kuma wajibi ne a sanar da yara cewa danna kibiya yana iya kai mutum gaban alƙali. Amma tsoro bai taɓa koya wa kowa yadda ake gane gaskiya ba.

Daga saurare zuwa sa baki

Labari ba don kansa ake nemansa ba, don a san abin yi ne. A nan saƙon murya da gajerun bidiyon TikTok suna da wata illa da ba a cika ambata ba: suna cika kan matashi da rigimar manyan ƙasashe da barazanar ƴan bindiga, abubuwan da ba shi da iko a kansu, su bar shi bai san nawa aka ware wa makarantarsu ba, ko me ya sa famfon unguwa ya yi wata uku a lalace. Yana da ra'ayi mai zafi a kan Faransa da Rasha, amma bai taɓa taka ofishin ƙaramar hukuma ba.

Hanyoyin sa baki na hukuma ma sun sauya. Ƙananan hukumomi sun fara zaɓen kansiloli a 2004, zaɓe na baya-bayan nan kuma an yi shi a watan Disamba na 2020. A watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun aka naɗa masu riƙo, a watan Maris na 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa aka ɗiba wa'adin shekara biyar. Yaron da yake da shekara 15 a 2025 zai cika 20 a 2030. Duk abin da zai sani game da tambayar shugaba da auna alkawari, a waɗannan shekaru zai koye shi, ko a aji, ko a fada, ko a bakin muryar da ba a san mai ita ba. Ƴan mata kuwa sun fi nisa da tushe: ba su zama fada, kaɗan ne ke da salular kansu, kuma jahar Maradi tana sahun gaba a aurar da su kafin shekara 18. Labari yana iso musu ne a hannu na uku ko na huɗu, alhali su ne za su rene masu sauraren gobe.

Yankin yana da misalin da ke nuna cewa zancen baka yana iya gina gari. Dabarar barin kututture ya tofo a gona, wadda ta fara yaɗuwa a jahar Maradi a shekarun 1980, daga bakin manomi zuwa kunnen manomi ta bi, har ƙauyuka irin Ɗan Saga a gundumar Agye suka kafa kwamitocin tsaron itatuwa. Wannan labari ya yi albarka ne domin mai ba da shi sananne ne, kuma duk mai shakka yana iya zuwa gonar ya duba. Gani ya kori ji.

Aikin malamai da ƙungiyoyi

Kayan gyaran suna gida. Ɗalibin islamiyya ya san cewa ba a karɓar hadisi sai an ji daga wa aka karɓo shi, ya kuma san aya ta 6 ta Suratul Hujurat da ta yi umarni da bincike kafin a yi aiki da labari. Abin da ya rage shi ne a nuna masa cewa ƙa'idar ba ta tsaya a bakin ƙofar makaranta ba.

Salula ɗaya da allo sun isa darasi. Malami ya kawo tsohon saƙo wanda ba ya ambaton sunan kowa, a rubuta shi a allo da Hausa jimla bayan jimla, ɗalibai su nemo mai magana, da wurin, da ranar, su kuma ware abin da ya gani daga abin da aka gaya masa. Sa'an nan a maido “wai” a gaban kowace jimlar da ba ta da shaida, a sake karantawa da ƙarfi. Yara da kansu za su ji yadda zafin ya sauka. Darasi na biyu na fassara ne: a ba rukuni biyu sanarwar hukuma ɗaya ta Faransanci, kowanne ya mayar da ita Hausa, a gwada, a ga inda ma'ana ta zame. Na uku shi ne ɗalibai, maza da mata, su zama masu kawo labari: su je kasuwa ko gidan likita ko ofishin ƙaramar hukuma, su naɗi saƙo na minti biyu wanda ya fara da suna da wuri da kwanan wata, ya kuma faɗi wanda aka tambaya. Wanda ya taɓa shan wahalar tabbatar da farashin tiya ɗaya ta gero ba zai sake raina tambayar “in ji wa?” ba.

Ƙungiyoyin al'adu suna da nasu fagen. Wasan kwaikwayon Hausa na Nijar, wanda irin su Yazi Dogo suka ɗaukaka, ya saba mayar da aibin jama'a abin dariya don a gyara, kuma tafiyar saƙo ɗaya daga fada zuwa kasuwa zuwa gidan mai gari ta isa wasa guda. Gidajen rediyon al'umma, da shirye-shirye irin na Studio Kalangou da aka fara a 2016 cikin harsunan ƙasa, suna iya ba fadodi lokacin da za su kawo saƙon da ya dame su a bincika shi a bainar jama'a. Wannan shi ne tsarin 1962 da sabon kayan aiki.

Kammalawa

Saƙon murya ya zauna, kuma a ƙasar da kunne ya fi ido aiki ba abin mamaki ba ne. Nazarin gininsa ya nuna cewa ƙarfinsa da rauninsa wuri ɗaya suke: yana kawo murya da ɗuminta, ya bar sunan mai ita da ranar da ya yi magana a hanya. Hausa ta riga ta tanadi kalmar da ke cike wannan giɓi, kuma harafi uku ne kacal. Ranar da yaro a Gidan Sori zai shiga gida ya ce wa mahaifiyarsa “wai an ce”, sa'an nan ya fita neman wanda ya gani da ido, malaminsa ya yi aikin da katse intanet da gidan kaso ba su yi ba.